Malamin Da Gwamnati Ta Kora, Talakawa Suka Ɗauka Aiki

Ku da kuke riga rana tashi, ku ba ni aron hankalinku. Malam mai alli, Hajiya mai awo a bakin kasuwa, direban da ya kwana a hanya, tela, makaniki, ma'aikaciyar jinyar da ta raba dare a tsaye, akawun da albashinsa ke ƙarewa tun wata bai raba ba, duk ku matso kusa. Labarin wani ɗan'uwanku na kawo muku, malamin makaranta, ɗan talakawa, daga wata ƙasa da ke can tsakiyar tekun Fasifik, wadda da yawanmu ko sunanta ba mu taɓa ji ba. Sunan ƙasar Tonga. Sunan malamin Akilisi Pohiva. Gwamnati ta kore shi daga aiki yana da shekara arba'in da 'yan kai, ya rasu yana da shekara 78 yana shugaban wannan gwamnatin. Abin da ya gudana tsakanin korar da rasuwar nake so mu bi daki-daki, domin duk makamin da ya yi aiki da shi, yau ɗin nan yana hannunku.

Tonga tarin tsibirai ce, kusan 170, amma waɗanda mutane ke zaune a kansu ba su kai arba'in ba. Jama'ar ƙasar gaba ɗaya dubu ɗari ne da ɗoriya, ba su kai mutanen ƙaramar hukuma guda ta cikin birnin Kano ba. Masunta ne da manoma. Suna noman doya da rogo da gwaza, sun yi shekaru suna loda kabewa a jirgin ruwa zuwa Japan, matansu na saƙa tabarma, suna dukan ɓawon itace har ya yi laushi ya zama tufa. Da yawa daga cikin 'ya'yansu na can Niyu Zilan da Ostireliya da Amurka suna aikin ƙarfi, suna turo abin da gida zai ci. Mutane ne masu gumi irinku. Kuma ƙasa ce ta sarauta mai dogon tarihi: Sarki George Tupou na Farko ya ba ta kundin tsarin mulki tun 1875, ta zauna ƙarƙashin kariyar Birtaniya daga 1900 zuwa 1970 ba tare da an tuɓe sarkinta ba. Mutanen Tonga na alfahari da wannan, kuma sun isa su yi.

To amma ku dubi yadda majalisar dokokinsu take a lokacin da labarinmu ya fara. Masu riƙe da sarautar gado su 33 ne, su kaɗai suke zaɓar wakilai tara daga cikinsu. Ministoci kuwa sarki ne ke naɗa su, ba wa'adi, ba ƙuri'a, kuma kowannensu na da kujera a majalisa. Sauran jama'a fa, masuncin nan da manomin nan da malamin nan, su dubu ɗari? Kujera tara. Mutum 33 kujera tara, mutum dubu ɗari kujera tara! Ko da wakilan talakawa sun haɗa baki sun zama tsintsiya ɗaya, kafin a ɗaga hannu an riga an rinjaye su. Wa zai ga wannan lissafi ya ce akwai hanya? An samu wanda ya ce akwai.

An haifi Pohiva a watan Afrilu na 1941 a tsibiran Ha'apai, nesa da babban birnin ƙasar, Nuku'alofa. Ba shi da sarauta, ba shi da ubangida. Ya koyar a makaranta, ya samu damar ƙaro ilimi a Jami'ar Kudancin Fasifik da ke Fiji, ya dawo ya shiga horar da malamai. A farkon shekarun 1980 ya fara gabatar da wani shiri a gidan rediyon ƙasar mai suna Matalafo Laukai, inda ake tattauna al'amuran yau da kullum, ana tambayar yadda ake tafiyar da dukiyar jama'a. A ƙasar da aka saba talaka ya sunkuyar da kai idan manya na magana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hukuma ta ji zafi. Aka rufe shirin, kafin tsakiyar shekarun 1980 ta wuce aka miƙa masa takardar kora.

Ku tsaya a nan, domin wurin nan da yawanku kun san shi. Kun san yadda takardar kora take a hannu. Kun san yadda ƙafa ke nauyi a hanyar komawa gida, da yadda maigida ke rasa ta inda zai fara gaya wa iyali. Wanda aka rushe wa rumfa a kasuwa ya san wannan rana, wanda aka karɓe wa mota ya san ta. Mutum ya haura arba'in, ga 'ya'ya, ga ƙasa ƙarama wadda gwamnati ce babbar mai ɗaukar aiki a cikinta. Me ya rage masa? Ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri? Ya tattara ya bi sahun masu ƙaura zuwa birnin Okland na Niyu Zilan? Pohiva bai yi ko ɗaya ba. Ya ɗauki takardunsa ya nufi kotu, ya yi ƙarar gwamnatin masarauta a kan ta kore shi ba bisa ƙa'ida ba. Talaka ya kai gwamnati ƙara, a Tonga! Kuma kotu ta ba shi gaskiya. Daga ranar kowane masinja da kowane malami a ƙasar ya gane cewa dokar da ke rubuce tun 1875 shi ma tana da abin da ta tanadar masa, in dai zai miƙe ya nema.

Bai zauna jiran hukuncin kotu hannu rabbana ba. An hana shi rediyo, sai ya koma takarda. A 1986 shi da abokansa suka fara fitar da wata 'yar jarida mai suna Kele'a, ba ta da ƙyalli, ba ta da tallace-tallace na a zo a gani, sai alƙaluma. Ta fallasa irin kuɗin alawus da na ƙarin lokaci da 'yan majalisa ke biyan kansu daga baitulmali. Ga suna, ga adadi, ga aikin da aka ce an yi. Manomin da ke kirga kwabo kafin ya biya wa ɗansa kuɗin makaranta ya karanta, ko aka karanta masa, ya riƙe baki. Tambayar da Pohiva ya ɗauko tun daga wannan lokaci ita ce ya riƙe har ƙarshen ransa, kuma tambaya ce da kowace mai adashi ta iya: nawa aka tara, wa ya karɓa, ina saura? Ba sai da digiri ake yin ta ba. Abin da take bukata shi ne mutumin da ba zai gaji da maimaita ta ba.

A zaɓen 1987 mutanen Tongatapu, babban tsibirin ƙasar, suka ba shi kujera a majalisa. Gwamnati ta ce ba ta bukatarsa, talakawa suka ce su suna so. Suka ɗauke shi aiki, kuma ba su sake shi ba: 1990, 1993, 1996, 1999, 2002, 2005, 2008, 2010, 2014, 2017, duk zaɓen da aka yi sai sun sabunta masa. Shekara 32 a kujerar wakilcin jama'a. Mu da muka san tarihin Malam Aminu Kano, wanda shi ma ya ajiye alli a Maru a 1950 ya rungumi gwagwarmayar talakawa, wannan ba zai zame mana baƙon labari ba. Kuma a lura da kyau, Pohiva bai nemi a rushe gidan sarauta ba. Abin da ya nema shi ne sarki ya zauna da martabarsa, amma waɗanda ke karɓar haraji suna kashewa su zama mutanen da jama'a suka zaɓa, waɗanda jama'a za su iya saukewa.

Shiga majalisa fa ba ita ce nasara ba, nan ne ma aikin ya fara. Ku kwatanta a ranku: shekara da shekaru kana kawo ƙuduri ana kayar da shi, kana tambaya ana share ka, ka san tun daga gida cewa yau ma za a rinjaye ka, amma ka ɗaura tufarka ka tafi. Wani zai ce wahalar banza ce. Ni ban yarda ba. Duk tambayar da ya yi a zauren nan ta shiga kundi, ta fita ta shiga jarida, ta shiga hira a majami'u da wuraren shan kava, abin shansu na gargajiya, inda mazan Tonga ke taruwa da dare. Ana kayar da shi a ciki, yana cin nasara a waje. Wanda ya taɓa buɗe shago wata shida ba ciniki, bai rufe ba, har unguwa ta saba da shi, ya san irin wannan aiki.

Babbar jarrabawa ta zo da maganar fasfo. Tun cikin shekarun 1980 gwamnatin Tonga ta shiga sayar da fasfon ƙasar ga baƙi, akasarinsu daga yankin Asiya, musamman mutanen Hong Kong da ke neman mafita kafin a mayar da birninsu hannun ƙasar Sin. Kuɗi suka shigo da yawa, amma ba a sa su cikin kasafin da majalisa ke gani ba, aka kai su wani asusu a Amurka. Pohiva ya sake ɗauko tambayarsa, ya sake nufar kotu, yana cewa cinikin ya saɓa wa tsarin mulki. Da gwamnati ta ga shari'ar ba za ta yi mata daɗi ba, sai ta kira zaman gaggawa na majalisa a 1991, aka gyara tsarin mulkin domin a halatta fasfo 426 da aka riga aka sayar. A ranar an fi shi ƙarfi. Amma me ya biyo baya? Jama'a suka fito kan titin Nuku'alofa suka yi tattaki zuwa fada, shugabannin addini a gaba, cikinsu har da Bishop Patelesio Finau na cocin Katolika. Mutanen da aka sani da kunya da biyayya suka taka da ƙafarsu, cikin ladabi, suka ce ba su yarda ba. Malami ɗaya ya fara tambaya, yanzu ga gari ya ɗauka.

Kuma lokaci ya gaskata shi ta hanya mai ciwo. Kuɗin fasfon nan an danƙa kulawarsu ga wani Ba'amurke, tsohon ma'aikacin banki, wanda har aka ba shi sarautar wawan sarki a hukumance. Ya zuba su a wasu harkokin da ba su da tushe, zuwa 2001 aka wayi gari fiye da dala miliyan 20 sun salwanta. A ƙasa mai mutum dubu ɗari, ku lissafa azuzuwa nawa ke nan, gadajen asibiti nawa, jiragen ruwa nawa na kai manoma kasuwa. Da an amsa tambayar malamin nan shekara goma kafin haka, da ba a yi wannan asara ba. Saboda haka idan an ce muku mai yawan tambayar lissafi ɗan fitina ne, ku tuna da wannan asusu, ku ci gaba da tambaya.

A 1992 masu neman sauyi suka kafa ƙungiya, suka shirya babban taro a Nuku'alofa kan tsarin mulki da dimokuraɗiyya, malamai irin su Futa Helu da limaman coci suka halarta. Tafiya ta fara samun jiki. Sai 1996. Jaridar Taimi 'o Tonga ta buga labarin wani ƙuduri na neman tsige ministan shari'a, wanda ya tafi kallon wasannin Olamfik a Atlanta ba tare da izinin majalisa ba. Majalisa ta fusata cewa an buga labarin kafin a gabatar da ƙudurin a gabanta, ta zauna ta zama mai ƙara ta zama alƙali, ta yanke wa Pohiva da 'yan jarida biyu, Kalafi Moala da Filokalafi Akau'ola, ɗaurin kwana 30 saboda raina majalisa. Zaɓaɓɓen wakilin jama'a ya kwana a kurkuku. Bayan kwana 26 Kotun Ƙoli ta ce ɗaurin haramtacce ne, ta sa aka sake su. Ya fito ya karkaɗe rigarsa ya koma kujerarsa a cikin majalisar da ta ɗaure shi. A 2002 aka sake gurfanar da shi, wannan karon bisa zargin tunzura jama'a, saboda wata wasiƙa da Kele'a ta buga game da dukiyar sarki. A 2003 talakawan da aka zaɓo su taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi. Ya sake komawa. Kora ba ta zaunar da shi ba, kurkuku bai zaunar da shi ba, sammaci bai zaunar da shi ba.

Yanzu ga wurin da na fi so ku buɗe kunne, domin nan ne irinku suka karɓi ragama. A 2005 gwamnati ta fito da sabon tsarin albashi wanda ya cika wa manyan jami'ai aljihu, ya bar ƙananan ma'aikata da abin da bai taka kara ya karya ba. A watan Yuli dubban ma'aikatan gwamnati suka ajiye aiki. Malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, akawuna, leburori. Ƙasar ba ta taɓa ganin irinsa ba. Kowace safiya sai su hallara a wani fili mai suna Pangai Si'i a tsakiyar birni, kusa da fada da ofisoshin gwamnati, da yawansu ɗaure da tabarmar nan da mutumin Tonga ke naɗawa a ƙugu idan zai je wurin girmamawa. Su zauna ƙarƙashin rumfuna, a buɗe da addu'a, a yi waƙoƙin coci, a saurari jawabai, a ci abincin da masu goyon baya suka kawo. Albashi ya tsaya, tukunya ba ta tsaya ba, domin manomi ya kawo doya, ɗan'uwa na ƙasar waje ya turo abin da ya samu. A can Okland ma 'yan Tonga suka yi dafifi a ƙofar gidan sarki da ke birnin. Mako ɗaya, mako biyu, mako huɗu, mako shida. A farkon Satumba gwamnati ta sa hannu: ƙarin kashi 60, 70 da 80 cikin ɗari, gwargwadon matakin ma'aikaci, mafi ƙanƙanta shi ya fi samun kaso mai tsoka.

Pohiva ba shi ya jagoranci yajin nan ba, ƙungiyar ma'aikata ce ta yi abinta, shi da sauran wakilan jama'a suka mara mata baya. Amma wa ya yi shekara ashirin yana koya wa ƙasar cewa ana iya tambayar hukuma kuma sama ba za ta faɗo ba? Ma'aikatan da suka fito neman albashi ba su koma gida da albashi kaɗai ba, sun gane cewa muddin ba su da hannu a zaɓen masu yanke hukunci, gobe ma haka za a yi musu. Kwanaki kaɗan bayan janye yajin, kimanin mutum dubu goma suka yi tattaki zuwa fada da takardar neman a sauya tsarin mulki. Mutum ɗaya cikin kowane goma na ƙasar! Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a wannan shekara hannaye suka taru. A farkon 2006 firaminista, wanda ɗan sarki ne, ya sauka, aka naɗa Feleti Sevele, mutumin da ba shi da sarautar gado. Ƙofar da aka ce ba ta buɗuwa ta fara motsi.

Ba zan tsallake baƙar rana ba, domin 'yan kasuwa na cikin masu karanta wannan. Ranar 16 ga Nuwamba 2006, watanni biyu bayan rasuwar Sarki Taufa'ahau Tupou na Huɗu, jama'a suka taru suna jiran majalisa ta amince da sauye-sauye kafin ta tafi hutu. Da aka ga alamar jan ƙafa, wasu matasa suka ɓalle, suka shiga fasa shaguna da cinna wuta. Mafi yawan tsakiyar kasuwancin Nuku'alofa ya ƙone, aka rasa rayuka, sai da sojoji da 'yan sanda suka zo daga Ostireliya da Niyu Zilan. Wa ya yi asara? Mai shago, da yaron shago, da mai dako. Aka kafa dokar ta-ɓaci da ta ɗauki shekaru, aka ci bashi mai nauyi daga ƙasar Sin domin sake gina birnin, bashin da ya zame wa ƙasar kaya shekara da shekaru. Abin da zaman lumana na mako shida ya samo, wutar yini ɗaya ta kusa cinye shi. Wannan wuta ba ta ƙara wa talaka komai ba, kuma duk mai gumi da ya san yadda ake tara jari kwabo-kwabo ba zai so a maimaita ta a ko'ina ba.

A watan Janairu na 2007 aka kama Pohiva, aka tuhume shi da hannu a tunzura tarzomar. Shari'a ta yi ta jan jiki, ba a kuwa same shi da laifi ba. Tana cikin tafiya aka yi zaɓen 2008, mutanen Tongatapu suka ba shi ƙuri'un da suka fi na kowa. A wannan shekarar sabon sarki, George Tupou na Biyar, ana saura kwanaki a naɗa shi, ya ba da sanarwar cewa zai miƙa mafi yawan ikonsa na gudanar da mulki. A yaba masa, ba kowane mai iko ke sakin abin da ke hannunsa da kansa ba. Aka sake fasalin majalisa: kujeru 26, jama'a su zaɓi 17, masu sarauta su riƙe tara, kuma majalisa ce za ta zaɓi firaminista. Daga tara zuwa goma sha bakwai. Shekara 23 malamin nan ya yi a majalisa kafin ya ga wannan rana.

A zaɓen Nuwamba 2010 jam'iyyarsa ta lashe kujeru 12 cikin 17. Kowa ya ce shi ke nan, an gama. Ina! Da aka zo zaɓen firaminista, wasu daga cikin wakilan jama'a suka haɗe da masu sarauta, aka tashi 14 da 12, wani basarake mai suna Tu'ivakano ya hau. Ku auna wannan a zuciyarku. Dattijo ɗan shekara 69, ya shuka, ya yi noma, ya yi girbi, ranar rabo aka ba wani. A nan ne mutane da yawa kan yi fushi su kira magoya baya su fito titi, ko su yi zuciya su bar fagen gaba ɗaya. Shi kuwa ya karɓi hukuncin tsarin da shi da kansa ya yi fafutukar kafawa. An ba shi ministan lafiya, ya riƙe 'yan makonni ya ajiye, ya koma ɓangaren adawa ya ci gaba da tambayar lissafi. A 2013 wata ƙungiyar 'yan majalisu ta duniya ta karrama shi da lambar mai kare dimokuraɗiyya. Shi dai idonsa na kan zaɓe mai zuwa.

Ranar 29 ga Disamba 2014 majalisa ta sake zama. Wannan karon ƙuri'a 15 da 11, kuma goma sha biyar ɗin nasa ne. Akilisi Pohiva, ɗan Ha'apai, korarren malami, tsohon fursuna, ya zama talaka na farko da zaɓaɓɓiyar majalisa ta ɗora a kujerar firaministan Tonga, yana da shekara 73. Kusan shekara talatin daga takardar kora zuwa rantsuwar kama mulki. Kai da ka ce shekaru sun ja, ka makara, ka ji? Ke da aka hana ki ƙarin girma sau uku har kika fara cewa ba rabonki ba ne, kin ji? Sannu ba ta hana zuwa.

Mulki ya zo masa da nasa nauyin, kuma ba duka ya ɗauka daidai ba. Ya janye ƙasar daga karɓar baƙuncin wasannin Fasifik na 2019 yana cewa aljihunta ba zai ɗauka ba, wasu suka yaba, wasu suka ji haushi. Ya yi ta samun saɓani da 'yan jaridar gidan rediyo da talabijin na gwamnati, abin da ya ɓata wa masoyansa da yawa rai, ganin cewa ta wannan ƙofar shi ma ya shigo. Ɗan Adam ne, tara yake bai cika goma ba. A watan Agusta 2017 Sarki Tupou na Shida, wanda shi ne firaministan da ya sauka a 2006, ya rushe majalisa ya kira sabon zaɓe shekara guda kafin lokaci. Aka mayar da magana hannun masunta da manoma da malamai. Ranar 16 ga Nuwamba 2017, shekara goma sha ɗaya cif da ranar gobarar nan, suka fito suka yi layi, ba jifa, ba wuta, suka ba jam'iyyarsa kujeru 14 cikin 17, fiye da abin da ta taɓa samu. Ya koma kujerarsa. Da ƙuri'a suka yi magana, kuma an ji su har cikin fada.

Sauran kwanakinsa ma a bakin aiki ya ƙare su. A watan Fabrairu 2018 guguwar Gita ta afka wa Tongatapu, ta rushe gidaje, ta rushe har ginin majalisar da ya shafe shekaru yana muhawara a cikinsa. A watan Agusta 2019, jiki ya riga ya yi rauni, ya tafi taron shugabannin tsibiran Fasifik a Tuvalu, inda batun tashin ruwan teku da ke barazanar cinye ƙananan ƙasashe ya sa shi zubar da hawaye a gaban takwarorinsa, ya kuma ɗaga murya a kan halin da mutanen Papua ta Yamma ke ciki. Bayan wata guda, ranar 12 ga Satumba 2019, ya rasu a wani asibiti a Okland. Kujeru 17 ɗin nan suna nan, kuma mutanen Tonga na ci gaba da cika su da wanda suka ga dama, su sauke wanda suka ga dama, har da 'yan jam'iyyarsa.

To, 'yan'uwa masu gumi, ku dubi kayan aikin mutumin nan ɗaya bayan ɗaya. Takardar shaida da ya adana. Kotu da ya san hanyarta. 'Yar jarida mai alƙaluma. Abokan tafiya da ya tara. Ƙuri'a. Da ƙafar da ke komawa inda aka kore ta. Wanne ne babu a garinku? Kuna da ƙungiyar 'yan kasuwa, kuna da ƙungiyar direbobi, ta teloli, ta malamai, ta iyayen yara, ta manoma, kuna biyan kuɗin wata-wata, kuna biyan kuɗin rumfa, kuna biyan haraji. Ku da kuke riƙe lissafin bashin mutum hamsin a ka ba ku manta ko sisi ba, wa zai ce lissafin ƙungiya ya fi ƙarfinku? Ku da kuke ciyar da gida goma da jarin da bai kai a faɗa ba, wa zai ce ba ku san tattali ba? Ku karɓi rasit, ku adana shi. Ku yanki katin zaɓe, ku san inda kuka ajiye shi. In an ce ana neman ma'aji ko sakatare, kada ku tura wani, ku miƙe a ƙirga da ku, in an kayar da ku bana ku dawo baɗi. Ranar taro kuma ku riga kowa zuwa, ku zauna a sahun gaba, idan aka gama karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, ku ɗaga hannu.